Alfadari a Cikin Tsabar Kuɗi: Yadda Ake Tantance Tsofaffin Sulalla da Kurakuransu

A gidaje da dama na tsofaffin unguwannin Kaduna, irin su Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa da Kawo da Tudun Wada, akan sami wani gwangwani ko ƙulli a can ƙasan adudun tsohuwa, wanda ba a kwance shi sai ranar rabon gado. Abin da ke ciki bai cika wuce kwabo mai huji ba, da anini biyu ko uku, da taro mai kusurwa goma sha biyu, wani lokaci har da minda, wato lambar yabo ta soja, wadda ƙyallenta ya riga ya ruɓe. Irin wannan gwangwani sau da yawa ƙarshensa ba ya kyau. Ko dai a haɗa shi da tarkacen ƙarfe a sayar wa 'yan gwangwan, ya bi hanyar da sauran ƙarafa ke bi zuwa tukunyar narki, ko wani yaro ya zauna da toka da lemun tsami ya dirje sulallan har rubutunsu ya shafe, ko kuwa wani ɗan damfara ya rantse wa magada cewa kwabon nan ya kai miliyoyin naira, amma sai sun ba da kuɗin gwaji tukuna. Dukan asarar nan rashin sanin abin da aka riƙe ne ke jawo ta, alhali kuwa hanyar ganewa ba ta fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba, domin ita ce dai hanyar da yake bi a darasin ilmin halittu idan aka ajiye masa ƙwaro ko ganye aka ce ya faɗi danginsa.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin waɗannan kaya a Kaduna. Garin 'yan albashi ne tun kafuwarsa. Layin dogo ya ratsa wurin ya isa Kano a 1911, kuma a 1917 aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, tare da sojoji da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda duk da tsabar kuɗin Turawa ake biyansu, a lokacin da kasuwannin karkara ba su gama rabuwa da wuri ba. Shi kansa wurin dabba ce ta teku, dangin dodon koɗi, kuma kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce. Iri biyu aka yi ciniki da su a ƙasar Hausa: ƙaramin da ake kawowa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna Cypraea moneta a 1758, da kuma mai zoben ruwan ɗorawa a gadon baya, Cypraea annulus, daga gaɓar Afirka ta Gabas. Ke nan tun fil azal mai tantance kuɗi a ƙasar nan aikin masanin halittu yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Mabuɗin tantancewa

Masana halittu suna amfani da jerin tambayoyi waɗanda amsar kowace ɗaya "i" ce ko "a'a", kowace amsa kuma tana rage yawan abin da ake zato, har a tsaya a kan jinsi guda. Haka ake yi wa sulalla. Tambaya ta farko ita ce: an rubuta daraja a jiki? Idan babu, galibi minda ce ko lambar tunawa da wani biki. Idan akwai, sai a tambaya: wa ya buga, hukuma ko ɗan kasuwa? Wadda ɗan kasuwa ko kamfani ya buga don hulɗarsa kaɗai, kwandalar madadi ce, ba kuɗin ƙasa ba. Shahararriya a tarihin ƙasar nan ita ce wadda Macgregor Laird ya buga a 1858 domin cinikinsa a kogin Kwara, mai ɗauke da darajar kashi ɗaya cikin takwas na kwabo, da shekarar Hijira 1274. Sai dai kowane mabuɗi yana da jemagensa, mai tashi sama amma ba tsuntsu ba. Dalar Mariya Tiriza ta Ostiriya, wadda Hausawa suka sani da liyari, kuɗi ce sosai, amma ba a rubuta darajarta a jikinta ba.

Daga nan sai a duba sunan ƙasa, da sunan sarki, da shekara, da irin ƙarfen. Kuɗin farko da Turawa suka buga musamman domin wannan yanki sun fito a 1907: kwabo, da anini wanda yake kashi ɗaya cikin goma na kwabo. Dukansu masu huji ne don a iya tsira su a zare, suna da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu, da tauraro mai tsini shida da ake kira hatimin Annabi Sulaiman. Gwamna Lugga ya faɗa daga baya cewa a kan murfin wata butar tagulla da sojojinsa suka kwaso a Kwantagora ya ga wannan alama, ya zaɓe ta ta zama tambarin Arewa. Abin lura kuma, sunan Nijeriya yana jikin waɗannan sulalla shekara bakwai kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. An cire shi a 1912, shekarar da aka kafa hukumar kuɗi guda domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya.

Aninin 1907 na alminiyam ne, wato sanholo, kuma yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure gumi da laimar ƙasashen zafi ba, saboda haka a 1908 aka koma ga haɗin jan ƙarfe da nikel. Wanda ya ɗauki anini ya ji shi sakayau kamar ɓawon gyaɗa, to, ya san shekarunsa tun kafin ya karanta.

Kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959, shekarar da Babban Banki ya fara aiki, kusan darasin tsirrai ne: auduga a taro, koko a sisi, ganyen kwakwar manja a sule, gyaɗa a dala. Da aka koma naira da kobo ranar 1 ga Janairu 1973 an ci gaba da haka, har aka sa dalar gyaɗa a kobo 25, amma a kobo ɗaya sai ga injin haƙar mai ya kutso cikin amfanin gona, kamar mai shelar abin da zai biyo baya.

Ita minda a gefenta ake fara dubawa. Lambar yaƙe-yaƙen Afirka da Ingila ta ƙirƙiro a 1902 tana ɗauke da lambar soja da muƙaminsa da sunansa a zagayen bakinta, a saman ta kuma akwai ɗan sandan azurfa mai faɗin inda aka yi yaƙin. Mai rubutun N. NIGERIA 1903 ta yaƙin Kano da Sakkwato ce, mai 1906 kuwa ta Satiru da Haɗeja. Ba abin alfahari ba ne ga kowa, gaskiya, amma shaida ce, kuma da yawa daga sunayen da ke kansu na Hausawa ne. Tauraron Bama, wanda aka ba sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi da Japan, ba a buga suna a jikinsa ba, don haka idan ya rabu da takardun mai shi, labarinsa ya yanke ke nan.

Gado da tabo

Kafin a gane kuskure sai an san yadda ake buga kuɗi. Ana murza ƙarfe ya zama falle mai kauri daidai, a yanko faya-fayai masu zagaye daga jikinsa, sannan a sa kowane faifai tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da zobe a kewaye. Injin ya danna da nauyin tan masu yawa, ƙarfen ya malala cikin zanen da aka sassaƙa a hatiman, zoben kuma ya hana shi bazuwa ya ba shi baki. Injinan zamani suna buga ɗaruruwa a minti guda, hatimi ɗaya kuma yakan buga dubbai masu yawa kafin ya gaji.

A nan ne ilmin halittu yake da abin cewa. Ɗalibi ya san bambancin abin da aka gada da abin da aka samu bayan haihuwa. Mutumin da wanzami ya yi wa zube a kumatu, ɗansa da fuska sumul ake haifarsa, domin aska ba ta kai ga ƙwayar gado ba. August Weismann na Jamus ya nuna haka a ƙarshen shekarun 1880, inda ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye har zuriya biyar, amma kowane jariri ya zo da wutsiyarsa cikakkiya. To, a wajen kuɗi hatimi shi ne mahaifi. Duk aibin da ke jikin hatimi, kowane sulai da ya buga zai gaje shi a wuri ɗaya, da siffa ɗaya. Idan hatimi ya tsage, ƙarfe yakan shiga tsagar, sai a ga siririn layi ya taso a fuskar kuɗin. Tsagar tana ƙaruwa yayin da ake ci gaba da bugu, saboda haka wanda ya tara kwabo biyar masu tsaga iri ɗaya yana iya jera su daga wa zuwa ƙane, gwargwadon tsawon layin. Idan gefen hatimin ya ɓalle gaba ɗaya, sai a ga dunƙulen ƙarfe marar zane a bakin kuɗin. Idan kuma tun wajen yin hatimin zanen ya hau sau biyu da ɗan goce, haruffa za su fito da inuwa a duk kuɗin da ya buga.

Akwai kuskure na biyu, wanda ya faru a masana'anta amma ba a gadonsa, kamar ɗan maraƙin da ya sami matsala a ciki. Faifai yakan zauna a karkace a buge shi rabi da rabi, ko a buge shi sau biyu, ko injin yanka ya ci gefensa ya fito da gibi kamar jinjirin wata. A kuɗin Afirka ta Yamma akwai ƙarin mataki na huda, don haka akan sami kwabon da hujinsa ya goce daga tsakiya, ko wanda ya tsallake ba a huda shi ba sam. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai ne irinsa.

Na uku shi ne tabo, kuma shi ne mafi yawan abin da ake kawowa da murna ana cewa an tsinci kuskure: kuɗin da aka buga da guduma, ko aka goge da zarto, ko aka huda da ƙusa don a rataya wa yaro, ko yara suka ɗora a kan layin dogo jirgi ya bi ta kai. Tabarau mai ƙara girma sau goma, irin wanda ake duba sassan fure da shi, ya isa ya raba gardama. Tsagar hatimi tasowa take yi sama da fuskar kuɗin, ƙarzuna kuwa nutsewa yake yi, kuma yakan tura ƙarfe gefe kamar kunyar gona. Hujin masana'anta sumul yake, na ƙusa kuwa yana da leɓe a bayansa. Kwabon da bai sami huda ba ya fi 'yan'uwansa nauyi, wanda aka toshe hujinsa da dalma kuwa launin tsakiyarsa zai tona shi. Tabo ba ya ƙara wa kuɗi daraja, rage ta yake yi.

Alfadari

Doki yana da kuromosom 64, wato zarurrukan gado da ke cikin ƙwayar halitta, jaki yana da 62. Idan jaki ya haye goɗiya sai a sami alfadari mai 63, wanda ya ɗauko rabi nan rabi can. Masu nazarin sulalla sun ari sunan wannan dabba suka ba kuɗin da aka buga da hatimi biyu waɗanda ba a yi su don juna ba, kuma kwabon Afirka ta Yamma yana da alfadarai sanannu har uku.

Dalilin yana cikin yadda ake aikin. Ba a ƙasar nan ake buga kuɗin ba. Masana'antar gwamnatin Ingila takan buga wasu, ta ba da kwangilar yawancin saura ga kamfanoni biyu na birnin Birmingham, wato Heaton da King's Norton, waɗanda ke sa ƙaramin harafi H ko KN kusa da hujin. Kuɗin da ba shi da harafi na masana'antar gwamnati ne. Waɗannan kamfanoni suna buga wa ƙasashe da yawa kuɗi a zaure ɗaya, kuma santi goma na Afirka ta Gabas faɗinsa ɗaya da kwabon Afirka ta Yamma, kimanin milimita 30 da rabi, shi ma da huji da kambi a sama. A 1936 wani ma'aikacin Heaton ya haɗa hatimin wannan da na wancan, aka sami kuɗin da fuska ɗaya ke cewa santi goma, ɗayar kuma tana ɗauke da tauraro da sunan Afirka ta Yamma.

Sauran biyun sarki da shekara ne suka saɓa. Sarki Edwad na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, amma akwai kwabo mai sunansa da shekarar 1945, shekara tara bayan saukarsa. Haka kuma akwai mai sunan Joji na Shida da shekarar 1956, alhali ya rasu tun Fabrairun 1952, kuma a 1956 ɗin ce 'yarsa Sarauniya Elizabet ta zauna a filin sukuwa na Kaduna, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala, tana kallon hawan daba. Tsohon hatimi ne aka ɗauko daga ma'aji bisa kuskure. Gane su ba ya bukatar kome sai sanin shekarun sarakuna huɗu ko biyar, da haƙurin juya kowane kwabo a karanta fuska biyu.

Wajibi ne a ja kunnen mai karatu a nan. Kwabon Edwad na Takwas mai shekarar 1936 ba alfadari ba ne, ba kuma abu ne mai wuyar samu ba. Da yake huji ya hana a sa hoton sarki, suna kawai aka canza, aka buga miliyoyi. Haka nan shekarar da ke jikin kuɗi ba kullum take faɗin ranar haihuwarsa ba. Liyari, wanda Heinrich Barth ya tarar ana canza shi wuri 2,500 a Kano a 1851, an ci gaba da buga shi da shekarar 1780, shekarar rasuwar sarauniyar, a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombai har cikin ƙarni na 20. Wanda ke hannun kaka yana iya girmar Shehu Usmanu a sarauta, yana kuma iya zama sa'an kakar.

Jabu a ɗakin gwaje-gwaje

Masana harshe suna danganta kalmar "jabu" da ƙasar Ijabu, wadda ta yi suna da kuɗin ƙarya a zamanin mulkin mallaka. Sulen 1913 mai bishiyar kwakwar manja na azurfa ne. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka koma ga tagulla mai ruwan ɗorawa a 1920, wadda maƙera suka iya kwaikwayo cikin sauƙi. Matsalar ta kai har a 1938 aka fito da sule da dala masu kwari a zagayen baki da ɗige-ɗige a cikinsa, abin da zubi ba ya iya fitarwa da kyau. Mai jabu narka ƙarfe yake yi ya zuba a mazubi, ba bugawa ba, don haka kuɗinsa yakan zo da ƙananan ramuka na kumfar iska, da haruffa masu dakushi, da alamar haɗi a baki. 'Yan kasuwar da sukan jefa sule a kan dutse su saurari amonsa, kuma kimiyya ta ba su gaskiya: ƙarfen da aka buga yana da tsauri yana amo, zubi mai dalma kuwa ƙarar tukunya fasasshiya yake yi. Amma mai tara sulalla ba zai yi wannan gwaji ba, don kowace jifa sabon tabo ce.

Ma'aunin ɗakin kimiyya ya fi aminci. Kowane ƙarfe yana da nauyinsa a santimita ɗaya mai murabba'i uku: alminiyam giram 2.7, baƙin ƙarfe wajen 7.9, jan ƙarfe da nikel wajen 8.9, azurfa 10.5, dalma 11.3. A auna kuɗin, sannan a ɗora kofin ruwa a kan ma'auni a mai da shi sifiri, a rataya kuɗin da zare ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba. Adadin giram da ma'aunin ya nuna shi ne girman kuɗin, bisa ƙa'idar Arkimidis, sai a raba nauyi da girma. Liyari na gaske giram 28 ne, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari, sakamakonsa kuma wajen 10.2. Na tagulla da aka shafa wa azurfa, mai girma ɗaya, da ƙyar zai wuce giram 23 da rabi. A busar da kuɗin nan da nan bayan gwajin.

Maganaɗisu ma yana da amfani, yana kuma ba ɗalibai mamaki. Nikel tsantsa yana bin maganaɗisu, amma haɗin kashi 75 na jan ƙarfe da 25 na nikel ba ya bi, saboda haka kwabon Turawa mai huji ba zai motsa ba. Kobo 50 mai masara da naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay na 1991 kuwa tsalle za su yi su manne, domin baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Tsohon kwabo ko liyarin da ya manne wa maganaɗisu jabu ne, babu sauran bincike.

Adanawa

Babban abokin gabar jan ƙarfe shi ne gishiri tare da laima, kuma damunar Kaduna, daga Afrilu zuwa Oktoba, tana ba da laimar, gumin hannu ya ba da gishirin. Duhun da tsohon kuɗi ya yi a hankali rigarsa ce, tana kāre ƙarfen da ke ƙasa, ba a cire ta. Abin tsoro shi ne kore mai haske mai kama da gari, wanda ke cin rami yana yaɗuwa. Kuɗin da ya kamu da shi a ware shi daga saura, a ajiye a busasshen wuri. Lemun tsami da tsamiya suna da sinadarai masu tsami da ke cinye fuskar ƙarfen, toka da yashi kuma suna kankare ainihin layukan da ake nema da tabarau. Idan ƙasa ce ta manne, ruwa mai tsabta da bushewa sun wadatar. A riƙe kuɗi ta baki, a sa kowane ɗaya a 'yar ambulan ta takarda. Leda mai laushi irin ta PVC tana fitar da sinadari mai tsami idan ta daɗe, ta bar wani kore mai danƙo.

Kulab ɗin kimiyya na kowace makaranta yana iya buɗe rajista kamar ta ɗakin adana tsirrai: lamba, da ƙasa, da sarki, da shekara, da harafin masana'anta, da nauyi, da faɗi, da gidan da aka samo kuɗin da abin da masu gidan suka tuna game da shi. Maimakon a karɓe wa tsofaffi kayansu, ana iya ɗora takarda a kai a goga fensir a hankali, zanen fuska biyu ya fito, a manna a rajistar a mayar musu da abinsu. Abin da ya gagari malami, ana iya kai shi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, ko Gidan Arewa da ke titin Rabah, a nemi shawarar masana tarihi. Masu zuwa Abuja kuma suna iya ziyartar ɗakin tarihin kuɗi da Babban Banki ya buɗe a 2009, su gwada nasu da na can. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba tare da izini ba, don haka duk mai sayen da ya ce zai kai minda ko liyari waje, a fara tambayarsa takardar izininsa.